Layi da Inuwa: Shin Mai Zane Maƙaryaci Ne?

Gabatarwa

Takarda shimfiɗaɗɗiyar aba ce, ba ta da ciki balle baya. Amma idan gwanin zane ya ɗauki fensir ko guntun gawayi ya yi 'yan mintoci yana kai da komowa a kanta, sai mu ga tulu ya fito da cikinsa har mutum ya ji kamar ya rungume shi, ko mu ga hanya ta miƙe ta shige cikin takardar har ta ɓace a gindin duwatsu, ko kuwa doki ya ɗaga ƙafafun gaba kamar zai zabura. Idan muka kai hannu muka shafa, ba tulu, ba hanya, ba doki, sai dai baƙi a kan fari. Tambayar da wannan maƙala take son ta bi diddiginta ita ce: shin abin da mai zanen nan ya yi mana yaudara ce, ko kuwa wata hanya ce ta faɗin gaskiya? Tambayar ba ta tsaya ga masu riƙe fensir kaɗai ba, domin kowannenmu mai zane ne ta wata fuska. Kullum muna zana surar mutane a zukatanmu da bakunanmu, kuma a gari irin Jos an ga abin da mummunan zane yake jawowa.

Aikin Layi

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne, babu layi a jikin halitta. Idan muka tsaya a gaban Dutsen Riyom, inda manyan duwatsu suka hau kan juna kamar da hannu aka jera su, ba za mu ga wani baƙin zare da ya kewaye kowane dutse ba. Abin da ke akwai shi ne wurin da launin dutse ya ƙare, launin sararin sama ya fara. Mai zane ne yake yanke shawara ya ce a nan dutse ya tsaya, ya ja layi. Ke nan layi hukunci ne na ɗan Adam, kuma hukunci ne da ba a iya zane sai da shi, domin in babu shi komai zai cakuɗe da komai.

Bayan iyakance abu, layi yana ba shi hali. Kwantaccen layi yana sa ido ya natsu, saboda haka muka saba ganin mai barci da shimfiɗar fili. Tsayayyen layi yana nuna ƙarfi da kafuwa, irin na giginya ko ginshiƙi. Karkataccen layi kuwa shi ne mai kawo motsi, domin ido ya riga ya sani cewa duk abin da ya karkata ba zai dawwama a haka ba, ko dai ya faɗi ko ya ɗaga ƙafa ya taka gaba. Wannan ne ya sa idan aka zana mai gudu, akan karkata gangar jikinsa ta wuce inda ƙafarsa take, sai mai kallo ya ƙarasa masa takun a cikin ransa. Haka kuma kaurin layi da sirantakarsa suna da nasu aikin: mai kauri yana matsowa kusa da mai kallo, siriri yana ja da baya.

Akwai kuma abin da duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakiyar layin dogo ya sani. Ƙarafan nan biyu ba su taɓa haɗuwa ba, amma ga ido sai su yi ta matso juna har su zama ɗigo guda a can nesa. A farkon ƙarni na 15 wani magini na birnin Fulorans a Italiya, Filippo Brunelleschi, ya gano yadda za a mayar da wannan ƙa'ida ta lissafi, kuma a shekarar 1435 Leon Battista Alberti ya rubuta ta a littafi. Tun daga nan masu zane suka sami hanyar huda takarda da layuka masu haɗuwa a wuri ɗaya.

Aikin Inuwa

Sai dai layi kaɗai ba ya ba abu jiki. Idan muka zana da'ira, ba wanda zai iya cewa ko faifai ne, ko ƙwarya, ko bakin rijiya. Inuwa ce take raba gardama. Mu ɗauki tulu da aka ajiye a tsakar gida da hantsi, rana tana dukansa daga gabas. Akwai wani ɗan wuri a kafaɗarsa inda haske ya fi ƙarfi har yana ƙyalli. Daga nan hasken yana raguwa sannu a hankali yayin da cikin tulun yake juyawa, har a kai wurin da ya fi ko'ina duhu. Sannan akwai inuwar da tulun ya jefa a ƙasa, wadda ita ce take zaunar da shi, domin in an manta da ita sai ya yi kamar yana shawagi a iska.

Akwai wani abu na biyar da almajirin zane ya fi saurin tsallakewa. A can gefen tulun da ya juya wa rana baya, dab da bakin iyakarsa, duhun yakan ɗan sassauta, domin hasken da ya faɗi a ƙasa ko a bango yana dawowa ya taɓa shi. Wanda ya baƙanta wannan gefe gaba ɗaya zai ga tulunsa ya yi kamar an datse shi da wuƙa. Wanda kuwa ya bar wannan ɗan haske a cikin duhu, shi ne tulunsa zai kewayo ya cika. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan batu, domin za mu bukace shi a gaba.

Hanyoyin sa inuwa suna da yawa. Wani yakan jera 'yan gajerun layuka kusa da juna, ya ƙara musu wasu a gicciye inda yake son duhu ya yi kauri; wani yakan yi ta ɗiga ɗigo; wani kuma ya murza gawayin da yatsa har ya zama kamar hayaƙi, irin salon da Leonardo da Vinci, wanda ya rasu a 1519, ya shahara da shi. Nisa ma da inuwa ake nuna shi. Mai duban Duwatsun Shere daga cikin garin Jos zai ga na kusa sun yi duhu, tsagoginsu a bayyane, na bayansu sun kwashe, na can ƙarshe kuwa sun kusa narkewa cikin sama, musamman a lokacin hunturu da hazo ya sauka. Mai zane yana kwaikwayon wannan ne ta hanyar sassauta hannunsa gwargwadon nisan abin da yake zanawa.

Ƙarar da Aka Shigar

Zargin da ake wa wannan sana'a tsoho ne. A ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masanin falsafar nan na Girka, Aflatun, ya kawo misalin gado a littafinsa na Jamhuriya. A ganinsa akwai haƙiƙanin gado wanda hankali ne kaɗai yake riskarsa, akwai gadon da kafinta ya yi yana kwaikwayon wancan, sannan akwai gadon mai zane, wanda kwaikwayon kwaikwayo ne, kuma daga gefe ɗaya tak. Saboda haka ya ɗauki mai zane a matsayin wanda ya yi wa gaskiya nisa, mai cin moriyar raunin ido.

A namu ɓangaren, malaman mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, sun bambanta surar abu mai rai wadda take da inuwa tata ta kanta, wato sassaƙaƙƙiya ko ginanniya, da wadda aka zana a shimfiɗe. Sun tsananta a kan ta farko, sun sassauta a kan ta biyu, ba su kuma ga laifin zanen itatuwa da duwatsu da gine-gine ba. Hukuncin wannan fage na malamansa ne. Abin da ya shafe mu a nan shi ne ma'aunin da suka ɗauka, domin su ma sun gane cewa inuwa ita ce shaidar jiki.

Amsar da ta fi gamsar da mu game da zargin Aflatun ta fito ne daga Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya kuma yi aikinsa a Alƙahira. A cikin Kitabul Manazir ya tabbatar da cewa gani yana faruwa ne ta hanyar hasken da yake shiga ido, ya kuma nuna cewa abin da ido yake karɓa kai tsaye haske ne da launi kawai. Nisan abu da girmansa da siffarsa hankali ne yake ƙiyasta su daga alamomi, cikin saurin da ba ma lura da shi. Ashe ke nan ko tulu na gaskiya da ke tsakar gida, ba mu ga cikinsa ba sai ta hanyar karanta haske da inuwa. Mai zane bai ƙago wata sabuwar dabara ta ruɗi ba. Alamomin da ido ya saba karantawa ne ya rubuta masa a takarda. Bugu da ƙari, bai ɓoye mana cewa takarda ce ba. Maƙaryaci shi ne mai son a gaskata abin da ba haka yake ba, alhali tulun nan yana da ciki da gaske. Wanda ya zana shi da'ira tsirara, ba inuwa, shi ne ya rage wani abu daga gaskiyarsa.

Amma wannan bai wanke mai zane gaba ɗaya ba, domin akwai wurin da zai iya yin ƙarya ba tare da ya ja layi ko ɗaya a karkace ba. Kafin ya sa inuwa dole ya zaɓi inda haske yake fitowa. Idan aka ajiye fitila ƙarƙashin haɓar dattijo mai fara'a, inuwar za ta haye goshinsa, fuskarsa ta zama abin tsoratar da yara. Idan kuwa aka haska shi gaba da gaba, duk tamojin da shekaru suka bar masa zai ɓace. Fuskar ɗaya ce, kowace inuwa kuma daidai take da fitilarta. Amanar mai zane tana wurin da ya ajiye fitilar.

Shaidu Biyu Daga Gidan Tarihi na Jos

Mazauna Jos ba sa bukatar zuwa Italiya don su ga aikin inuwa. Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana ajiye da siffofin gasasshen yumɓu na al'adar Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tono irinsu a ƙauyen Nok a 1928, kuma shekarunsu sun haura 2,000. Abin da ya fi kama mai kallo a fuskokin nan shi ne idanunsu. Maginin ya zana fatar ido da layi mai kaifi, sannan ya huda ƙwayar idon ta zama rami. Masana suna ganin hudar ta taimaka wajen fitar tururi lokacin gashi don kada yumɓun ya fashe. Ko ma mene ne dalilin, sakamakon a fili yake: duhun da ya taru a ramin shi ne yake kallonmu. In da za a toshe shi a shafe, fuskar za ta makance.

Shaida ta biyu tana maƙwabtaka da ta farko, a filin da aka keɓe don gine-ginen gargajiya na Nijeriya, inda aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da na Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19. Maginan Hausa sun daɗe suna yi wa bango ado da zane mai tudu da kwari, irin su dagi, kuma sau da yawa launin adon da na bangon duk ɗaya ne. Me ke fito da shi? Idan haske ya faɗo wa bangon gaba da gaba sai adon ya kwanta, da ƙyar ake rarrabe shi. Idan kuwa ya zo masa ta gefe, sai kowane tudu ya jefa inuwarsa, dagin ya tashi yana shiga yana fita. Maginin ya yi rabin aikin da hannunsa, ya bar wa rana sauran.

Zanen Mutane

Yanzu mu koma ga zanen da kowa yake yi. A adabinmu na baka muna da kirari, muna da zambo. Kirari fitila ce da ake haska mutum da ita gaba da gaba, ba a bar masa ko ɗigon inuwa; zambo kuwa fitila ce ta ƙarƙashin haɓa. Kowannensu yana da muhallinsa, kuma mai saurare ya san wasan da ake yi. Amma labarin da yake rayuwa a zukata yakan haɗa su biyun. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam na 1934, jarumi ne da ya fita neman magani, kuma ɗan duniya ne da suke musayar makirci da Malam Zurƙe. Wannan gaurayen ne ya ba shi jiki har ake tunawa da shi. Hausawa sun ce mutum tara yake bai cika goma ba, kuma gurbin ɗayan nan da ya rage shi ne inuwarsa.

Matsala tana tasowa ne idan kirari da zambo suka fita daga dandali suka zama ma'aunin da jama'a take auna maƙwabtanta da shi. Jos gari ne da haƙar kuza ya tara wa mutane a farkon ƙarni na 20. Birom da Anaguta da Afizere, da Hausawa da Fulani, da Ibo da Yarabawa da wasu da dama sun ci kasuwa ɗaya, 'ya'yansu sun zauna a aji ɗaya, har aka yi auratayya. In da za a zana garin a wancan lokaci, da inuwa mai narkewa cikin juna za a zana shi. Sai ga shi an yi ta danna fensir a kan layuka biyu, na ɗan ƙasa da baƙo, da na Musulmi da Kirista, har suka huda takardar. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, kowanne ya ci ɗaruruwan rayuka. Bayansu iyalai da yawa suka sayar da gidajensu ko suka yi musanye, kowa ya koma unguwar da nasa suka fi yawa.

Abin da wannan rabuwa ta haifar ya yi daidai da ƙa'idar zane da muka ambata. Abin da yake nesa tsagoginsa sukan ɓace, ya zama dunƙule ɗaya mai launi ɗaya. Yaron da ya tashi bai taɓa cin tuwo a gidan ɗaya ɓangaren ba, ba ya ganin tela da malamar asibiti da tsoho mai ciwon gwiwa a can. Yana ganin baƙin dunƙule ne mai suna guda. Kuma abin da ba shi da jiki ba a jin nauyin cutar da shi. Kowane ɓangare yana da labarin abin da aka yi masa, labarin kuwa yawanci gaskiya ne, kamar yadda kowace inuwa take daidai da fitilarta. Ƙaryar tana wurin ajiye fitilar a inda za ta haska raunukanmu kaɗai, ta bar na wasu cikin duhu. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

A nan ne ɗan hasken nan na cikin duhu yake da muhimmanci. Ranar 23 ga Yuni, 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Barikin Ladi, limamin Nghar Yelwa, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a waje ya ƙi miƙa su. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi saboda wannan aiki. Haka kuma a rikice-rikicen Jos an sami Kiristocin da suka ɓoye maƙwabtansu Musulmi. Wanda ya zana ɗaya ɓangaren ya bar irin waɗannan mutane a waje, zanensa bai cika ba, komai yawan gaskiyar da ke cikin sauran.

Wata Togaciya

Mai karatu zai iya cewa: ashe in aka bi wannan hanya ba za a murje komai ya zama toka-toka ba, har a rasa mai laifi? Wannan tsoro yana da tushe, kuma masu zane sun san shi. Almajirin da ya gano daɗin murza gawayi yakan yi ta murzawa har tulu da bango su zama hazo guda. Gwani ya san inda zai bar iyaka ta narke da inda zai ja layi da ƙarfi. Kisan wanda bai ji ba bai gani ba, da ƙona gidan maƙwabci ko wurin ibadarsa, abubuwa ne da layinsu ba ya karɓar sassauci, ko daga wane ɓangare suka fito, kuma rashin hukunta masu yin su yana cikin abin da yake sa wuta ta sake tashi. Abin da muke cewa shi ne a ja layin a inda ya dace, wato a kewaye aikin da wanda ya aikata shi. Zalunci yana farawa ne lokacin da aka faɗaɗa layin ya haɗiye ƙabila ko addini gaba ɗaya, har da jaririn da aka haifa jiya.

Akwai kuma batun motsi. Muna da karin maganar da ke cewa hali zanen dutse, kuma akwai hikima a cikinta ga mai neman abokin hulɗa. Amma in da halin ɗan Adam ba ya gusawa ko kaɗan, da wa'azi da tarbiyya da tuba duk sun zama aikin banza. Mai rai karkataccen layi ne, kullum yana tsakanin taku da taku. Adalci ga mutum ya haɗa da duba inda ya karkata, ba inda ƙafarsa take kaɗai ba, kuma al'umma ma haka take.

Kammalawa

Mun ga cewa layi hukunci ne da ba a iya zane sai da shi, inuwa kuma ita take mayar wa abu jikin da takarda ta raba shi da shi. Saboda haka mai zane ba ya zama maƙaryaci don ya sa shimfiɗaɗɗen abu ya yi zurfi. Yana zama maƙaryaci ne idan ya ajiye fitilarsa inda son ransa yake so, sannan ya ce haka fuskar take. Wannan nauyi yana kan marubuci da mawaƙi da mai wa'azi da ɗan jarida, yana kuma kan uwar da take ba ɗanta labarin mutanen wancan gefen gari. Ga ɗalibanmu masu koyon ƙirƙira, shawararmu ita ce duk lokacin da suka zana wani mutum ko wata al'umma, su tambayi kansu daga ina haskensu yake fitowa, su kuma duba ko sun bar wa gefen duhun ɗan hasken da yake haƙƙinsa ne.